Muntaka Ba Ya Amsa Gaisuwa Sai Sarƙa Ta Tsaya

Muntaka taubashina ne. Mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izininsa tun daga haihuwa, kuma shi ma ya san haka. Ya haura sittin da 'yan kai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa gwame kaɗan kamar don rungumar bishiya aka yi su. A ƙauyenmu da ke kusa da Makoɗa, in ka ga ɗorawa ko gawo ko darbejiya an yi mata aski mai kyau, ba ƙwal-kwabo ba, ba kuma an bar ta buzu-buzu ba, to hannun Muntaka ne.

Mu a wajenmu babu daji. Gona manne take da gona, kuma kowace bishiya da mai ita, wata ma gonar ta wani ce bishiyar da ke tsakiyarta ta wani. Ba wanda yake kayar da bishiya mai rai. Rassa ake rage mata, don kada inuwa ta danne gero, a samu na hura wuta, awaki kuma su samu ganye da rani. Wannan aikin Muntaka ya gada a wurin mahaifinsa, ya yi shekara arba'in yana yin sa da gatari.

Aibinsa ɗaya ne, gaisuwa. Tsakanin gonakinmu akwai burtali da 'yan hanyoyi birjik, ba a daɗewa wani bai gifta ba. Muntaka yana can saman ɗorawa, ya ɗaga gatari zai sauke, sai wani daga ƙasa ya ce masa sannu da aiki. Nan take gatarin zai tsaya a sama. Yawwa sannu kadai, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, akuyar nan ta haihu kuwa. Ko mai babur ne ya danna masa ham ya wuce, sai ya bi bayansa da gaisuwa har ya ɓace. Aikin da ya kamata a gama da hantsi sai ya kai la'asar. Matarsa Rahmatu takan ce in tana son ta ji lafiyarsa dalla-dalla, fita take yi ta bi ta ƙarƙashin bishiyar da yake kai.

Mun sha yi masa tsiya a kan haka, amma ni na san inda abin yake masa daɗi. A ƙofar masallacinmu akwai dakali a gindin tsamiya, inda tsofaffi ke zama daga hantsi zuwa azahar. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce musu sannunku da hutawa. Muntaka ba ya ko son bi ta wurin. Ya taɓa ce mini, "Aina'u, ran da kika ji an ce mini sannu da hutawa, ki ce wa Rahmatu ta fara neman likkafani."

Sai ga shi bara waccan kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Ya sha jiƙo, ya sha gashi, ya je asibiti, magana ɗaya aka yi masa: ya ajiye gatari. Wata huɗu yana zaune a zaure. Wata rana na shiga duba shi, bakina da ba ya shiru, na ce, "Taubashi, sannu da hutawa." Ya dube ni ya sunkuyar da kai. Tunda nake da shi wannan ce gaisuwa ta farko da na ga ya ƙi amsawa, kuma na koma gida raina a jagule.

Babbar 'yarsa Khaulat ce ta nemo mafita. Tana aure a Kano wajen Dawanau, kuma aikin haɗa sola take yi, ita ce ma ta kafa musu ta gidan. Wata Juma'a ta sauko daga mota da kwali a ka. Zarto ne na lantarki mai aiki da batir, irin wanda sarƙa mai haƙora ke kewaya wani dogon ƙarfe. Ba shi da nauyi sosai, kuma ba ya buƙatar a ɗaga a sauke kamar gatari. Da yake sauri take yi, sai ta jona batiran biyu a caji ta ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa. Asabar ta sama zan dawo in haɗa maka, in nuna maka yadda ake yi."

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kwana biyu cur ya daure. A na uku ya buɗe kwalin. Akwai takardar bayani a ciki har da hotuna, Rahmatu ta miƙa masa, ya ce mutumin da ya shekara arba'in yana sa wa gatari ƙota ba ya buƙatar hoto. Ya ɗora ƙarfen, ya zagaya masa sarƙa, ya ɗaure noti da sifana har sai da ya yi nishi. Sannan ya shiga ɗaka ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya fito da abin ƙofar gida inda wani kututturen marke yake. Bai gayyaci kowa ba. Ya dai tsaya yana gyaran murya har mutane suka taru.

Ya danna makunni, abin ya ɗauki kuka siriri kamar na injin markaɗe da aka rage wa murya. Ya ɗora a kan marken. Muka jira. Ya danna da ƙarfi. Muka ƙara jira. Can sai ga hayaƙi, ga ƙaurin ƙuna, da ya ɗaga sai muka ga wani baƙin layi a jikin itacen wanda ko farce ba zai shige ba. Limaminmu Malam Uwaisu, mutum ne da ba ya son a kunyata kowa, ya ce, "Wataƙila marken ne ya yi tauri." Ni kuwa na ce, "Muntaka, ashe na sa wa itace kwalli ne aka kawo maka. Ka yi masa ɗaya idon mana." Ya naɗe rigarsa ya shige gida, ranar ko sallar la'asar a sahun baya ya yi ta.

Da Khaulat ta dawo ba ta yi masa faɗa ba, 'ya ce mai kunya. Ta sa aka kira ni, muka zauna a tsakar gida. Abin da ta fara yi shi ne zare batir ta ajiye shi nesa, ta ce duk ran da hannu zai taɓa sarƙa, wannan shi ne farko. Sannan ta nuna masa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kowane haƙori yana da gaba da baya. A saman ƙarfen, bakin mai kaifi gaba yake kallo, wajen itace. Muntaka kuwa ya juya su duka suna kallon sa.

Na ce, "Ai ba kuskure ya yi ba, Khaulat. So yake su ma su riƙa gaishe shi."

Ta danne dariyarta ta ci gaba. Ta kwance, ta juya sarƙar, ta nuna masa ɗan dunƙulen da ake murɗawa a ja ta. Ta ce ya kama tsakiyarta ya ɗaga: in ta ɗan taso ta koma da kanta, daidai ke nan, in ta yi lako-lako kamar igiyar shanya za ta iya zamewa, in kuma ta ƙi motsi ya matse ta da yawa. Ta buɗe wani ɗan murfi ta nuna masa inda ake zuba mai, wanda shi bai ma san da shi ba, shi ya sa abin ya yi ƙauri. Ta ce duk canjin batir a duba man, kuma ban da baƙin man da aka tsiyaye daga babur. Da ta mayar da batir ta ɗora a kan marken nan, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ya rabu biyu. Muntaka ya ɗauki ɓarin ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, ya ce garin itace ne ya shiga.

Sai dokoki. Hannu biyu kullum. Ya tsaya a gefe kaɗan, kada fuskarsa ta yi saiti da ƙarfen. Kada tsinin ƙarfen ya taɓa komai, don in ya taɓa, abin tsalle yake yi ya dawo wa mutum a fuska. Ba yanka sama da kafaɗa, ba hawa bishiya da shi; matasa su hau su sauko da reshe, shi ya daddatsa a ƙasa. Ga hular kwano, ga tabarau, ga safar hannu, ga takalmi rufaffe. Babbar riga kuma ta zauna a akwati sai Juma'a. Duk ya amsa da to, ko da yake a kan rigar ya ɗan yi gunaguni.

Ta ce, "Saura ɗaya, Baba. In sarƙa tana gudu, ba gaisuwa."

Ya ɗago. "Ba me?"

"Ba juyawa, ba ɗaga hannu, ba amsawa."

"Ko Liman ne?"

"Ko Liman ne."

"To sallama fa? Mutum ya yi mini sallama in yi masa kunnen ƙashi? A ina aka taɓa yin haka?"

"Ka gama yankan da ka fara, ka saki makunni, ka jira ta tsaya cak, ka zare batir, sannan ka amsa."

"Kafin nan ai mutum ya kai Makoɗa."

"Ya kai, Baba. Wallahi in na ji ka karya ɗaya daga ciki, zuwa zan yi in ɗauke abina." Ta juyo gare ni. "Gwaggo, ke ce idona."

Na amsa da saurina, don ina son muƙami.

Daga nan Muntaka ya dawo mutum. Kowace yamma zai shimfiɗa buhu a zaure, ya zare batir, ya kwance murfi, ya bi lungu-lungu da tsohon burushin haƙori yana fitar da garin itace. Ya sa tsinke ya bi ramin da sarƙa ke gudu a ciki. Ya ɗauki siririn magagari ya bi haƙoran, kowanne shafa uku, ba ƙari ba ragi. Ya gano da kansa cewa in sarƙa tana da kaifi ɓarɓashi take fesowa, in ta dakushe sai gari kamar na tuwo. Rahmatu ta ce shekara arba'in bai taɓa ɗauraye kwanon da ya ci abinci ba, yau ga shi yana yi wa ƙarfe asuwaki. Batun gaisuwa kuwa ya samo dabara: ya riƙa zaɓar aikin cikin gida da na bayan gari, inda ba a cika wucewa ba.

Da bazara iskar hadarin farko ta karya wani ƙaton reshen gawo, ya faɗo ya tare burtalin da ke bi ta gefen gonata. Lokacin kai taki ne, amalanke ba ta da hanya. Aka kira Muntaka. Ina dawowa daga barkar haihuwa na hango shi ta baya, cikin hular kwano da tabarau, ya sunkuya yana yanka. Zarton lantarki ba shi da ƙara irin ta mai fetur, ana jin magana sarai. Na san dokar, a gabana aka kafa ta, ni aka ba amanarta. Amma shekara sittin ina tsokanar mutumin nan, bakina ya riga tunanina. Na ɗaga murya na ce, "Sannu da aiki, Muntaka."

Kansa ya juyo, jikinsa ya biyo, hannun hagu ya saki ya tashi sama kamar yadda ya saba. Tsinin ƙarfen ya taɓa wani reshe. Ban ga yadda aka yi ba, ƙara kawai na ji, ƙwas, sai na ga Muntaka zaune a ƙasa, zarton a gefe. A goshin hular kwanon akwai wani zurfaffen tsagi da yatsa zai kwanta a ciki.

Na ruga a guje. Ina salati har na isa wurinsa. Shi kuwa ya dube ni ta cikin tabarau, ya ce, "Yawwa, sannu kadai, Aina'u. Yaya mai jego?"

Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Da ya dawo hayyacinsa ya zare batir, ya ce, "Don girman zumunci kada Khaulat ta ji. In ta ɗauke, dakali zan koma." Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ya tattara kayansa ya tafi, rabin reshen yana nan a hanya.

Ba ma sai na faɗa ba. Ranar Asabar Khaulat ta zo, idonta ya faɗa kan hular a rataye. Ta sauke ta, ta sa yatsa a tsagin, ta dubi mahaifinta. Ya yi tsuru-tsuru. Na ce, "Ni ce. Ni na gaishe shi, kuma da gangan." Ta ce, "Haba Gwaggo, ke da na bar wa amana." Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado ta fara saka kaya.

Na ce ta hukunta ni ta bar shi. Ta ce, "Yau ke ce, gobe wani ne. Garin nan ba za su daina gaisuwa ba, Baba kuma ba zai daina amsawa ba. Gara in gan shi a dakali da ransa." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Muntaka ya dubi kwalin. Sannan ya ce, "Uwata, abu ɗaya nake roƙo. Rabin reshen nan yana tare wa mutane hanya. Ki bar ni in ƙarasa, ki tsaya ki gani da idonki. In na juya, ki tafi da shi, ba zan ƙara magana ba."

Ta ce to. Ta aro masa hular kwano a wurin wani mai babur, muka ɗunguma mu uku zuwa burtali.

Ya duba mai, ya ɗaga sarƙa ya saki, ya share wurin tsayawarsa, ya sa batir. Yankan farko ba wanda ya wuce. A na biyu wata mai tallan fura ta gaishe shi, na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba. Wasu mutum biyu masu jaki suka yi tasu, suka dubi juna suka wuce. Ya kai kan gindin reshen, wuri mafi kauri, ya nutsa ƙarfen har rabi. Sai ga Malam Uwaisu a kan kekensa. Bai san abin da ake ciki ba. Ya girmi Muntaka, kuma a wurin mahaifin Liman Muntaka ya yi karatun allo. Ya rage gudu ya yi cikakkiyar sallama, da muryar nan tasa da ake ji har bayan gari.

Ina kallon ƙeyar Muntaka. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hular. Hannun hagun nan na ga yatsunsa sun ƙara damƙe mariƙi. Ɓarɓashi yana ta zuba a kan takalminsa har itacen ya saki. Ya ɗaga yatsa daga makunni, ya tsaya yana kallon sarƙar har ta tsaya cak, ya tura birkin da ke kulle ta, ya zare batir, ya ajiye komai a kan buhu. Liman kuwa ya yi nisa, ya waiwayo sau biyu cikin mamaki.

Sannan Muntaka ya zura da gudu. Mutum mai shekara sittin da 'yan kai, da hular kwano da tabarau da ƙafafu gwame, yana tsallake kunya-kunya ta gonaki biyu don ya yanke hanya. Ya cafko kariyar keken, yana haki, ya amsa sallamar nan cikakkiya, ya ɗora da ina wuni da iyali da komai. Daga inda muke muna ganin hannunsa yana bayani, yana nuna goshinsa.

Sai muka ga sun juyo tare, Liman yana tura keke. Da suka iso ya jingine shi ya ce, "Ci gaba da aikinka, Muntaka. Tsare rai yana gaba. Ni zan jira." Ya harɗe hannu a baya ya tsaya.

Wanda ya zo wucewa bayan nan ya buɗe baki, ya ga Liman tsaye shiru, ya rufe bakinsa ya tsaya. Na bayansa ma haka. Kafin reshen ya ƙare, mutum goma sha ɗaya ne a burtali, har da mai amalanke da shanunsa, ba mai cewa uffan. Ni dai tunda aka haife ni ban taɓa ganin mutanen garinmu sun kai haka a wuri ɗaya ba magana ba. Da batir ya fita, gaba ɗaya suka ce masa sannu da aiki. Ya bi su ɗaya-ɗaya, kowa da tambayar iyalinsa. Khaulat ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa. Da yamma ta hau mota hannu wofi, amma ta ce a adana kwalin, ba ta yafe shi ba.

Sati na zagayowa ta aiko da sabuwar hula. Tsohuwar mai tsagi kuma ta ce a kai wa Gwaggo ta rataye a ɗakinta. Tana nan a kan ƙusa saitin gadona, ita nake fara gani in na farka.

Yanzu abin ya zama al'ada a garinmu. In ka ji kukan zarton Muntaka, sai ka tsaya da gaisuwarka a baki har ka ga batir a hannunsa. Kowa ba ya daɗewa, ban da ni. Ya san takuna. In ya ji ni ce, sai ya gama wannan yankan ya matsa ga wancan, ya ƙi zare batir, ya samo wani ɗan reshe da ko akuya za ta karya ya tsaya yi masa yanka na tsanaki. Makon jiya na tsaya a rana har furar da na ɗauko ta yi ɗumi. Daga ƙarshe ya ga dama ya zare, ya cire hula ya share goshi.

Na ce, "Sannu da aiki, Muntaka."

Ya kara hannu a kunne ya ce, "Me kika ce? Ƙarar nan ta toshe mini kunne."

Na san ya ji. Na sake faɗa masa, da ƙarfi.